AMANAR DA KE RUƁEWA A CIKIN ADAKA

   

Ya ku ƴan uwa masu bibiyar wannan zaure, na nan Gidan Amumune da ƙauyukan kewaye, da ƴaƴanmu da ke bida a Agadas da Arlit da Kano da Legas da Abijan da Libiya, saƙon yau mai tsawo ne, kuma da ɓacin rai na rubuta shi. Wanda ya karanta ya karanta wa mahaifiyarsa, domin rabin maganar tata ce.

Makon jiya bayan sallar la'asar wani saurayi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya aikata alheri yana jiran a yaba masa. Ya ce ya buɗe adakar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya tarar da kaset wajen talatin, na rediyo da na bidiyo. Wani abokinsa ya ce masa hotuna ne da kiɗe-kiɗe, barinsu a gida yana hana mala'ikun rahama shiga. Sai ya kwashe su ya kai bayan gida ya cinna musu wuta. Na ce masa: ka saurare su? Ya ce babu na'urar saurare. Na ce: an rubuta wani abu a jikinsu? Ya ce wasu da ajami, bai tsaya karantawa ba. Na ce: ka shawarci ƴan uwanka mata da ke gidajen aure? Ya yi shiru. Wato ya ƙona abin da bai san ko mene ne ba, wanda kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, bisa fatawar wanda bai taɓa zama gaban malami ya sauke ko Ahalari ba, sa'an nan ya zo neman lada.

Ban yi masa tsawa ba, domin niyyarsa tsoron Allah ce. Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da toka ta koma kaset.

Yaran yanzu ba su san abin da kaset yake a wurinmu ba, don haka bari in gaya musu. Kafin salula ta shigo ƙasar nan a farkon shekarun 2000, wanda ya tafi bida ba shi da hanyar magana da gida sai wasiƙa, kuma mafi yawan iyayenmu ba su rubuta boko, ba su kuma son mai rubuta wasiƙa ya ji sirrinsu. Sai mutum ya sayi kaset da batir, ya shiga ɗaki da dare, ya danna maɓallai biyun nan tare, ya fara gaisuwa. Zai gai da mahaifinsa, da mahaifiyarsa da kishiyoyinta, da maigari, da liman, da kowane yaro da sunansa. Idan gaisuwa ta ƙare sai a shiga magana: ga kuɗin da na aiko, a ba wane kaza, a biya bashin hatsin wane, kada a sayar da tunkiyar nan, na ba wane ƴata idan ta isa, gonata tana hannun wane har in dawo. A ba direba ko wani mai komowa gida. Idan kaset ya iso, gida duka ya taru a tsakar gida a saurara, sa'an nan a juya ɗaya gefen a mayar da amsa. A nan za ka ji tsohuwa tana sa albarka, ka ji yaro yana biya allonsa don ubansa ya ji inda ya kai, ka ji zakara na cara a baya. Daga baya masu hali suka fara kiran mai kyamara daga Maradi ko Tasawa ranar ɗaurin aure, ko suna, ko saukar karatu, ko tarbar alhazai.

Wasiyya ce a cikin waɗannan robobi, da bashi, da alkawarin aure, da iyakar gona, da nasaba. Duk abin da shari'a ta ce a kiyaye, iyayenmu sun zuba shi a ciki da bakinsu, saboda shi ne alƙalamin da suke da shi.

Ga abin da na gani da idona. Wasu gidaje biyu, jikokin mutum ɗaya, sun yi shekara biyu suna zuwa gabana da gaban maigari a kan gona guda. Mai gonar ya tafi Libiya a yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya yi wuya. Ya bar gonar a hannun ɗan baffansa. Su biyun sun rasu, shaidu sun rasu. Waɗannan suna cewa aro ne, waɗancan suna cewa jingina ce da ba a fansa ba. Sai wata tsohuwa ta ce ta tuna ya aiko da kaset a kan maganar. Aka tono shi a ƙasan adaka, aka aika wani ƙauye aka aro rediyo mai aiki, muka zauna. Muryar mamacin ta fito, ya yi sallama, ya fara gaisuwa, har ƴaƴansa suka fara share hawaye. Yana kai wa ga maganar gona sai murya ta fara ja kamar ta mai maye, sai ta tsaya. Muka buɗe, zaren ya nannaɗe a cikin na'ura, ya manne, fumfuna ta yi masa fari. Da aka ja sai ya tsinke, baƙin da ke jikinsa ya zube a yatsunmu kamar kwalli. Har yau gidajen nan biyu ba su zuwa sunan juna.

Kada wani ya ce liman ya ce kaset shaida ne. A fiƙihunmu shaida ta adilai ce masu rai, murya a kaset ƙarina ce da alƙali zai duba ya auna. Shi ya sa kullum nake ce muku ku je wurin kwamitin filaye, COFO, da aka kafa a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, ku yi wa gonakinku takarda. Amma na zauna sulhu da yawa, kuma ban taɓa ganin ɗan halak da ya ji muryar ubansa tana faɗin abu ya iya ɗaga kai ya musa ba.

Yanzu ga masu cewa a ƙona. Ina tambayarku, kaset ɗin murya wane hoto ne a cikinsa? Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya ba saurayin nan fatawa bai san abin da yake magana a kai ba. Na bidiyo kuwa, ku ji abin da malamai suka ce. Hadisan da suka yi tsanani a kan masu surantawa ingantattu ne, babu musulmin da ke wasa da su. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun fassara haramcin da surar abu mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai inuwa, wato gunki da abin da ya yi kama da shi, zanen da ba shi da inuwa kuwa ba su kai shi ga haram ba. Da hoton kyamara ya zo, malamai suka saɓa. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi. Shehu Ibn Baz ya tsananta, bai yarda ba sai da lalura. Shehu Ibn Usaimin ya tafi a kan cewa zaren bidiyo ba shi da wata sura da ido ke gani a jikinsa, hukuncinsa yana bin abin da aka ɗauka. Wanda ya zaɓi tsanani don kansa, ba na zarginsa, kuma ba zan tilasta masa kallo ba. Amma mas'alar da manya suka saɓa a kanta ba ta ba yaro izinin ƙona dukiyar magada. Abin da mamaci ya bari, daga gona har allura, haƙƙin dukkan magadansa ne. Ƴar da aka aurar a Kanambakashe ko Isawan tana da rabo a muryar uwarta kamar yadda take da rabo a cikin awakinta. Kuma abin dariya, da yawa daga masu wannan fatawa a bidiyo suke yin ta, da fuskarsu, a cikin wayar da ke cike da hotuna.

Idan kuma hujjarku ita ce magabata ba su yi ba, to ku koma ga tarihin tara Alƙur'ani. Bayan yaƙin Yamama, da mahardata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya zo wa Sayyidina Abubakar da shawarar a tara Alƙur'ani wuri ɗaya. Abubakar ya yi jinkiri da farko, domin abu ne da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, bai yi ba, har Allah Ya buɗe ƙirjinsa, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin, ya bi ya tattaro daga ƙiraza da fatu da ƙasusuwa da fallen duwatsu da rassan dabino. A zamanin Sayyidina Usmanu aka kwafe zuwa mus'hafai aka aika birane. Daga baya Umar ɗan Abdul'azizu ya rubuta wa Abubakar ɗan Hazmu a Madina ya umarce shi da rubuta hadisi, saboda tsoron gushewar ilimi da mutuwar malamai. Ba ina daidaita kaset ɗin gidanku da Littafin Allah ba ne, Allah Ya tsare ni. Ina nuna muku ɗabi'ar waɗannan bayin Allah ne: idan suka ga mazubi zai fashe, sai su juye abin da ke ciki a sabon mazubi tun da sauran lokaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya hana mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Addinin da ya damu da adana haƙƙi har haka, shi za a ce ya umarci a ƙona wasiyya ba a saurara ba?

Kai mai sauraren tafsirin Shehu Abubakar Gumi a wayarka, wanda ya rasu tun 1992, ko karatun Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ta ina kake zaton muryoyinsu suka shigo maka? A zare aka ɗauke su, wasu bayin Allah suka zauna suka juye. Su sun sami masu yi musu hidima. Malamanmu na ƙasar Mayahi da Tasawa fa, waɗanda suka yi shekara talatin suna tafsiri a zaure da fitilar ƙwai, ba rediyon da ya taɓa ɗaukarsu sai wani almajiri mai ƴar rakoda? Karatunsu yana cikin adaka guda, a ɗaki guda, ƙarƙashin rufin da ke yoyo.

Masu ƙonawa kaɗan ne. Mafi yawanku laifinku sakaci ne, kuma ni ne na farkonku. Ina almajiri a Zariya mahaifiyata ta aiko mini da kaset. Bayan wasu shekaru, wata rana ana wa'azi a rediyo ina son in ɗauka, ban sami kaset sabo ba, sai na sa nata na danna, na ce ai tana nan da ranta, in na je gida na ji muryarta. Wa'azin ya ƙare kafin zare ya ƙare, sai ya bar mini minti biyu na ƙarshe. A cikinsu tana tambaya ko ina da bargo, ta ji an ce sanyin Zariya ba irin namu ba ne. Wa'azin nan yau ina iya samun irinsa ɗari. Minti biyun nan su ne duk abin da ya rage mini na muryarta a duniya.

Ku san cewa kaset ba ya jira. Zaren roba ne siriri da aka shafa wa garin ƙarfe, aka riƙe garin da wani irin danƙo. Danƙon yana shan laima, idan ya sha sai ya yi kauri ya manne, garin ya riƙa zubewa, kuma muryar a cikin garin take. Zafin Afrilu da Mayu a ɗakin kwano yana lanƙwasa shi, laimar Agusta tana kawo fumfuna, ƙurar hunturu tana karce shi, maganaɗisun da ke cikin lasifika yana iya shafe shi idan aka ajiye shi a kai. Shekara talatin ko arba'in kenan kaset ɗinku suna shan wannan azaba. Ko zaren ya tsira, na'urar karanta shi tana ƙarewa. Kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963, JVC ya fito da VHS a 1976, kuma kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar bidiyo, Funai na Japan, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi ga ma'adanai na duniya cewa na'urori da kayan gyaransu suna gab da ɓacewa. Idan manyan cibiyoyi irin CELHTO da IRSH na Yamai, masu ajiyar muryoyin dattawa da marubuta da masana tarihi, suna cikin wannan damuwa, ina ga adakar da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa? Masu gyaran rediyo da muka sani sun tsufa, ƴaƴansu gyaran waya suka koya, kuma ƴan gwangwan suna yawo gida gida suna sayen tsofaffin na'urori a kan kilo.

Aikin ba shi da wuyar da kuke zato. Yau ɗin nan ka fito da su, ka ɓalle ɗan harshen roba da ke gefen kowane kaset, domin ɓalle shi ne ke hana a ɗauki wani abu a kansa, kada a maimaita wautata. Ka jera su a tsaye a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da lasifika da bangon da ke jiƙa. Wanda ka ga fari a zarensa ka ware shi, kada ka sa shi a na'ura, zai ɓata ta ya shafa wa sauran, sai an kai wa wanda ya san sharewa. Kaset ɗin murya ana haɗa rediyo da kwamfuta da ƴar igiya a ɗauka. Idan babu kwamfuta, ka jira dare ya yi tsit, ka aje waya kusa da lasifika ka ɗauka, bai kai na igiya kyau ba amma ya fi babu nesa. Na bidiyo yana buƙatar na'urarsa da wani ɗan akwati da ke shigar da hoton cikin kwamfuta. Idan hoto ya fito ba launi kada ka yanke cewa ya lalace, tsarin talabijin na Nijar da na Najeriya ba ɗaya ba ne a wancan zamani, a gwada wata na'ura. Kuma ka sani ba a gaggauta shi: kaset na minti 90 minti 90 zai ci, na awa 3 awa 3 zai ci. Wanda ya ce zai juye maka guda ashirin kafin ka gama cin kasuwa, ka karɓi kayanka.

Idan an juye, kada ka ce an gama. Katin memori yana mutuwa ba sallama, waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, faifan CD da wasu suka juye a kai shekarun baya shi ma yana ɓarewa. A yi kwafi uku, ɗaya ya kwana a wani gari, wurin ɗan uwa ko ƴar uwa. Kada a yar da kaset na asali, musamman mai maganar haƙƙi, domin mun shigo zamanin da na'ura ke kwaikwayon muryar mutum, tsohon zare shi ne zai raba gardama. Sa'an nan a zaunar da tsofaffi tun suna nan, su faɗi wane ne wannan, ɗan wa ne, wace shekara ce, a rubuta. Fuskar da ba wanda ya san sunanta ta zama baƙuwa a gidan jikokinta. Kuma daga cikin biyayyar iyaye bayan mutuwarsu akwai sada zumunci da abokansu, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Yaya za ka sada da wanda ba ka san sunansa ba? Sunayen suna cikin gaisuwar da ke farkon kowane kaset.

Saura magana mafi nauyi, wadda saboda ita ne ban yi wa masu ƙonawa dariya ba, don tsoronsu yana da tushe. Wata baiwar Allah, uwar manyan ƴaƴa, ɗanta ya kai kaset ɗin bikinta wani shago a birni, ya bar shi ya tafi. Ya karɓo kati, kowa ya yi murna. Ba a yi wata guda ba sai ga wani yanki yana yawo a wayoyin samari, an ɗora masa waƙa: ita da ƙawayenta a cikin ɗaki, ba mayafi, suna wasa irin na ƴan mata, shekara talatin da suka wuce. Wasu daga cikin matan nan sun rasu, wasu matan maƙwabtanku ne, kuna sahu ɗaya da mazajensu. Mai shagon da ya riƙe kwafi maci amana ne. Wanda ya tura, da wanda ya sake turawa, da wanda ya kalla ya yi dariya bai goge ba, kowa yana da kasonsa. Ku karanta Suratun Nur da Suratul Hujurati ku ga abin da Allah Ya ce a kan yaɗa alfasha da bin diddigin asirin mutane. Tsufan hoto ba ya halatta shi, al'aurar mace ba ta tashi daga al'aura don ta zama kaka.

Saboda haka ba a barin kaset ɗin iyali a shago a tafi. Mai shi ya zauna har a gama, ya ga an goge daga kwamfutar mai aikin, har daga kwandon sharar kwamfutar. Kaset ɗin da mata ke ciki, matan su fara gani su kaɗai, abin da suka ce a cire a cire, domin mutuncinsu ne, ba na ɗan da ya biya kuɗin aiki ba. Idan ka tarar da mamaci a cikin wani hali da ba zai so a gani ba, wurin wasa ne ko wurin bori, ko yana zagin wani cikin fushi, ka rufa masa asiri ka nema masa gafara, an hana mu zagin matattu da tona abin da suka riga suka tarar. Abin da ya rage na gida ne, ba na Facebook ko TikTok ba. Kuma ranar da za a saurara, hawaye rahama ne, Annabi ya zubar da su, amma kururuwa da marin fuska haram ne ko a kan gawa balle a kan kaset. Ku ji muryar, ku yi musu addu'a, ku biya bashin da kuka ji sun ambata.

Kada kowa ya ce mini babu kuɗi. Na san abin da ke tafiya a mega kowane wata, kuma ku na waje, wannan nauyin ku ya fi hawa, don ku ne kusa da masu na'ura.

Ranar Juma'a bayan an sallame, kowane maigida ya gaya wa na'ibi adadin kaset ɗin gidansa, na murya nawa, na bidiyo nawa, ba sai ya kawo su ba. Wani dattijo ya ba masallaci aron rediyonsa mai aiki, za mu fara da kaset ɗin da ke da maganar wasiyya ko bashi ko gona, sai na karatun malamai, a zauren gidana bayan isha'i, mai kaset yana zaune. Na mata, malamar islamiyya za ta karɓa ranar Asabar, ba namijin da zai shiga. Na'urar bidiyo har yanzu muna nema. Duk wanda yake da ita, ko ta lalace, ko ya san mai ita a Mayahi ko Tasawa ko Maradi, ya sanar da ni kafin ruwan farko ya sauka.